Lambar da Babu Wanda Ya Taɓa Karance Ta, Amma An San Halinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili, ko da zai ɗan zarce wanda ka saba ba masu wasiƙa, domin maganar da ke bakina ba ta taƙaituwa cikin layi goma. Ni tsohon malamin lissafi ne, na ajiye alli amma ban ajiye biro ba. Tun daga watan Oktoban 2024 nake jin wani zance yana yawo a bakin mutane da wayoyinsu, wai "an gano lamba mafi girma a duniya." Duk lokacin da na ji shi sai in ji kamar an taka mini ƙafa. Babu lamba mafi girma. Kowace ka ambata, ɗan aji biyu zai ƙara mata ɗaya ya wuce ka. Abin da aka sanar a wancan wata shi ne lamba marar rabuwa mafi girma da ɗan Adam ya iya tabbatarwa, kuma tazarar da ke tsakanin maganganun nan biyu ita ce dalilin wasiƙata.

Lamba marar rabuwa ita ce wadda ta wuce 1, kuma babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, haka dai. 15 ba ta cikinsu, domin 3 sau 5 ce. 91 tana ruɗin ɗalibai, fuskarta kamar ba ta rabuwa, alhali 7 sau 13 ce. Darajarsu ita ce duk sauran lambobi daga gare su ake gina su, kuma ta hanya ɗaya tak. 360 ita ce 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5, duk yadda ka juya ta ba za ka samo wani haɗin ba.

Ga lambar da ake magana a kanta. Jera 2 har guda 136,279,841, ka ninka su duka da juna, sannan ka ɗebe 1. A taƙaice ana rubuta ta 2^136,279,841 − 1, ƙaramar alamar da ke tsakiya tana nuna yawan biyu-biyun da aka ninka. Idan aka baje ta yadda muke rubuta lambobi, alƙalumanta 41,024,320 ne. Wanda zai karanta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya haura kwana 474 kafin ya kai ƙarshe. Da za ka buga ta, Malam Edita, kana cusa alƙaluma 3,000 a kowane shafi, sai ka ci shafi fiye da 13,600. Masana kimiyya suna ƙiyasta cewa ƙwayoyin zarra da ke cikin duk sararin da ake iya hangowa lamba ce mai alƙaluma wajen 80. Saboda haka babu wani abu a halittar da muke gani da za a ƙirga a kai ga wannan adadi.

To amma girman ba shi ne ya dame ni ba. Girma abu ne mai arha a lissafi, ko yaro zai iya rubuta 9 ya yi ta ɗora mata ninki. Abin da nake so mai karatu ya gani shi ne, lambar da ba wanda ya taɓa karance ta, za ka iya zama da biro da takarda ka faɗi abubuwa da dama game da ita, kuma ka faɗe su da yaƙini, ba da tsammani ba.

Mu fara da wutsiyarta. Idan kana ninka 2 kana samun 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, 512. Dubi alƙalamin ƙarshe kawai: 2, 4, 8, 6, sannan 2, 4, 8, 6, sannan 2. Zagaye ne na huɗu-huɗu da ba ya saɓawa. Raba 136,279,841 gida 4, saura 1. Ke nan mun tsaya a matakin farko na zagayen, wato 2. Ɗebe 1, lambarmu ta ƙare da 1. In kana son alƙaluma biyu na ƙarshe, su ma zagaye suke, amma na ashirin-ashirin. Raba 136,279,841 gida 20, saura 1, don haka wutsiyar daidai take da ta 2^21, wato 2,097,152, mai ƙarewa da 52. Ɗebe 1, ka sami 51. Wanda ya duba fayil ɗin da aka ajiye lambar a ciki zai tarar ta ƙare da 871551. Mun riga shi sanin biyun ƙarshe ba tare da mun kunna kwamfuta ba.

Yawan alƙaluman ma ba ƙirga su aka yi ɗaya bayan ɗaya ba. 2^10 ita ce 1,024, ta ɗan haura dubu, ke nan kowane ninki goma yana ƙaro alƙaluma uku da ɗan ɗoriya. Ma'aunin daidai shi ne 0.30102999566 ga kowane ninki ɗaya, abin da ɗalibai suka sani da logaridim ɗin 2. Ninka shi da 136,279,841, za ka sami 41,024,319.945. Cikon da ke gaba shi ne 41,024,320, adadin alƙaluman ke nan. A nan akwai tarko ga mai gaggawa: wanda ya yi amfani da 0.30103 da ke cikin teburin makaranta zai sami 41,024,320.5, sai ya ƙara wa lambar alƙalami ɗaya da ba nata ba. Ɗan bambancin da ba ka ko kallonsa a ƙananan lissafi, idan aka ninka shi sau miliyan 136 sai ya zama ɓarna. Ita kuwa ɗoriyar nan ta 0.945 ba ta banza ba ce, ita ke gaya maka kan lambar. 10 da aka ɗaga zuwa 0.945 tana ba da kusan 8.81, kuma haƙiƙa lambar ta fara da 881694.

Ga wani kuma da nake sha'awa. A ce wani ya tara dukkan alƙaluman nan miliyan 41, ya sake tara alƙaluman amsar, ya yi ta yi har ya rage guda ɗaya. Me zai samu? 4. Dalili kuwa, wannan tarawa daidai take da neman saura bayan an raba lamba gida 9, kuma saurar ninkin 2 tana zagaye shida-shida: 2, 4, 8, 7, 5, 1. Raba 136,279,841 gida 6, saura 5, mataki na biyar shi ne 5, ɗebe 1, saura 4. Mun san kai, mun san wutsiya, mun san tsawo, mun san wannan. Alƙalami na miliyan ashirin da ke tsakiya kuwa, sai an tambayi na'ura.

Yanzu ga masu cewa to ai ita ce mafi girma cikin marasa rabuwa. Ita ma wannan ba haka take ba, kuma an rufe wannan ƙofa tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, a hannun Yuklid na Iskandariyya. Hujjarsa ba ta kai rabin shafi ba. Kawo duk jerin marasa rabuwa da kake da shi, ninka su duka, ƙara 1. Babu ko ɗaya cikin jerinka da zai raba sabuwar lambar, domin kowanne zai bar saura 1. Ke nan ko dai ita kanta ba ta rabuwa, ko akwai wata marar rabuwa da ba ta cikin jerinka da ke raba ta. Ta kowace fuska jerinka bai cika ba. Mutane suna yawan kuskuren cewa sabuwar lambar dole marar rabuwa ce. A'a. 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 + 1 ita ce 30,031, kuma 59 sau 509 ce. Amma ka lura, 59 da 509 ba sa cikin jerin farko, hujjar tana nan daram. A tsakiyar ƙarni na 19 Chebyshev na Rasha ya ƙara matse zancen, ya tabbatar cewa tsakanin kowace lamba da ta wuce 1 da ninkinta biyu akwai marar rabuwa. Saboda haka mun san tabbas akwai wadda ta fi tamu girma amma ba ta kai ninkinta biyu ba. Tana nan, sunanta ne ba wanda zai iya kira. Haka kuma a ƙasa da tamu akwai marasa rabuwa da ba su ƙirguwa waɗanda ba a taɓa rubutawa ba. Tsalle aka yi aka dira can nesa, ba tattaki aka yi ana bin su ɗaya-ɗaya ba.

Me ya sa tsallen kullum yake dira a kan mai siffar ninkin 2 ban da 1? Ana kiran irin waɗannan da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya rayu daga 1588 zuwa 1648. Abu na farko da aka gane shi ne, idan yawan ninkin lamba ce mai rabuwa, to sakamakon ma mai rabuwa ne. 2^4 − 1 ita ce 15, 2^6 − 1 ita ce 63, duk sun rabu. Tsohon labarin nan na allon shatranji, wanda Ibnu Khallikan ya kawo a ƙarni na 13, misali ne mai kyau: ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, ana ninkawa har gida na 64. Jimillar ita ce 2^64 − 1, wato 18,446,744,073,709,551,615. Da yake 64 tana rabuwa, ba sai ka sha wahala ba, 3 tana raba ta, 5 ma haka, 17 ma haka. Saboda haka sai an fara da ninki marar rabuwa. 2, 3, 5 da 7 suna ba da 3, 7, 31 da 127, duka marasa rabuwa, har mutum ya fara murna ya samo ƙa'ida. Sai 11 ta zo ta watsa murnar: 2^11 − 1 ita ce 2,047, kuma 23 sau 89 ce.

A 1644 Mersenne ya fitar da jeri, ya ce daga 2 zuwa 257 ninki goma sha ɗaya ne kawai ke ba da marar rabuwa: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba, kuma a zamaninsa ba mai iya bincika manyan cikinsu. An kwashe kusan shekara 300 ana tantance wannan jeri. Masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar da na 31 a 1772, wato 2,147,483,647. Édouard Lucas ya tabbatar da na 127 a 1876, lamba mai alƙaluma 39, da hannu, kuma ba a wuce shi ba sai 1951 da na'urori suka shigo. Amma jerin yana da kurakurai biyar. 67 da 257 ba su cancanta ba, sannan ya tsallake 61 da 89 da 107. Pervushin ya gano na 61 a 1883, Powers kuma, wanda ma'aikacin kamfanin jirgin ƙasa ne a Amurka, ya gano na 89 a 1911 da na 107 a 1914. Ban ga laifin Mersenne sosai ba, hasashe ya yi kuma ya ci da yawa. Sai dai labarinsa ya isa ya nuna cewa a wannan fage girman sunan mai magana ba ya tsayawa a madadin hujja.

Na 67 yana da nasa labarin. An riga an san yana rabuwa tun zamanin Lucas, amma ba a san me ke raba shi ba. A 1903, a taron ƙungiyar masana lissafi ta Amurka a birnin New York, Frank Nelson Cole ya kawo amsar: 147,573,952,589,676,412,927 ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287. Ana ba da labarin cewa allo kawai ya hau ya yi ninkin a gaban jama'a ya koma ya zauna, bai ce uffan ba.

Mai karatu zai tambaya, ta yaya za a san lamba tana rabuwa alhali ba a san mai raba ta ba? Nan ne zuciyar maganar take, kuma nan nake roƙon a ɗan yi haƙuri da ni. Hanyar da muke koya wa yara ita ce a yi ta gwada rabawa da 2, da 3, da 5, da 7, har a kai lambar da in an ninka ta da kanta za ta kai wadda ake bincike. Ga lambarmu, wannan iyaka kanta tana da alƙaluma sama da miliyan 20. Ko duk kwamfutocin duniya aka haɗa, duniya za ta tashi ba a ci ko ƙwarya-ƙwaryar aikin ba. Lucas ya samo wata hanya dabam ta gwada lambobin Mersenne, Derrick Lehmer ya gyara ta a 1930, kuma sauƙinta har yana ba da mamaki. Fara da 4. Ninka ta da kanta, ɗebe 2, raba da lambar da kake bincike, riƙe saura kawai. Maimaita da saurar. Yawan maimaicin shi ne yawan ninkin ban da 2. In ka ƙare a sifiri, lambar ba ta rabuwa. In ka ƙare a wani abu dabam, tana rabuwa. Babu "wataƙila" a ciki.

Mu gwada da 31, wato 2^5 − 1, maimaici uku ke nan. 4 sau 4 ban da 2, 14. 14 sau 14 ban da 2, 194, a raba da 31 saura 8. 8 sau 8 ban da 2, 62, a raba da 31 saura sifiri. Ta tabbata. Da 127 maimaici biyar ne: 14, 67, 42, 111, 0. Ita ma ta tabbata. Da 2,047 kuwa maimaici tara: 14, 194, 788, 701, 119, 1877, 240, 282, 1736. Ba a ƙare a sifiri ba, don haka tana rabuwa. Ka duba jerin nan da kyau, babu inda 23 ko 89 suka leƙo. Gwajin ya yanke hukunci ba tare da ya nuna mai laifin ba. A ganina wannan yana cikin mafi kyawun abin da hankalin ɗan Adam ya ƙago, kuma abin takaici ne ɗalibi ya gama sakandare bai taɓa ganinsa ba, alhali ba ya buƙatar komai sai ninkawa da rabawa.

Ga lambarmu, maimaici 136,279,839 ake bukata, kowanne kuma ninka lamba mai alƙaluma miliyan 41 ne da kanta. Aiki ne mai nauyi, amma mai ƙarewa. Abu biyu ke sauƙaƙa shi. Na ɗaya, akwai dabarun ninka manyan lambobi da suka fi wadda muka koya a firamare sauri nesa ba kusa ba. Na biyu, kwamfuta da sifiri da ɗaya kawai take ƙirga, kuma a irin rubutunta lambarmu ba komai ba ce illa 1 da aka jera sau 136,279,841. Matsayinta a wurin kwamfuta kamar matsayin 999 ne a wurinmu. In kana son saurar 123,456 bayan an raba da 999, ba sai ka yi doguwar rabawa ba, yanka ta biyu ka tara: 123 da 456, 579, saurar ke nan. Haka na'ura ke yi, ta yanka ta tara. Wannan ne ya sa tun 1952, lokacin da Raphael Robinson ya samo guda biyar da kwamfutar SWAC a Amurka, kusan kullum lambobin Mersenne ke riƙe da kambun. Ba don sun fi sauran yawa ba ne, a'a, su ne ake da mabuɗin ƙofarsu.

A 1996 George Woltman ya kafa shirin GIMPS, inda duk mai kwamfuta zai sauke manhaja kyauta, a ba shi ninki ɗaya ya gwada. Guda 18 shirin ya samo zuwa wannan ta 2024, wadda ita ce ta 52 da aka sani. Wadda ta gabace ta, 2^82,589,933 − 1, mai alƙaluma 24,862,048, an same ta a Disambar 2018, ke nan an yi kusan shekara shida ana nema ba a dace ba. Wanda ya samo sabuwar, Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA ne. Maimakon kwamfutar gida, sai ya yi hayar dubban na'urorin GPU, waɗanda asali don sarrafa hoto aka ƙera su, a cibiyoyin da ke ƙasashe 17.

Akwai wani ɗan batu a labarin da masu yaɗa shi suka tsallake, ni kuwa shi ya fi burge ni. Ranar 11 ga Oktoba wata na'ura a Dablin ta ƙasar Ailan ta ba da rahoton cewa lambar ta ci gwajin Fermat, wani gwajin share fage mai sunan masanin lissafi Bafaranshe Pierre de Fermat. Wannan gwaji yana da ƙarfi ƙwarai, amma akwai lambobin da ke yaudararsa. 341, wadda 11 sau 31 ce, tana tsallake shi idan da 2 aka yi, 561 kuwa, 3 × 11 × 17, ta fi ta iya ɓad-da-kama. Ga lamba mai girman tamu, yiwuwar yaudarar ƙanƙanuwa ce har ba a iya kwatanta ta. Duk da haka sai washegari, 12 ga Oktoba, da wata na'ura a San Antoniyo ta jihar Tekzas ta kammala gwajin Lucas da Lehmer ta ƙare a sifiri, kuma wannan rana ta biyu ita aka rubuta a matsayin ranar ganowa. Bayan nan ma sai da wasu suka maimaita da manhajoji dabam a kan na'urori dabam kafin a sanar a 21 ga wata. Na yarda da wannan zaɓi ɗari bisa ɗari. "Kusan tabbas" da "tabbas" ba ɗaya ba ne, ko da tazararsu ta fi gashi siranta.

Lambar ba ita kaɗai ta zo ba, ta taho da 'yar rakiya. Akwai abin da ake kira kammalalliyar lamba, wato wadda in ka tara duk masu raba ta ban da ita kanta, sai su ba ka ita. 6 ita ce 1 + 2 + 3. 28 ita ce 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Sai 496, sai 8,128. Yuklid ya nuna cewa duk lokacin da ninkin 2 ban da 1 ya zama marar rabuwa, in ka ninka shi da rabin wancan ninkin na 2, za ka sami kammalalliya: 3 sau 2, 7 sau 4, 31 sau 16, 127 sau 64. Ibnul Haisam ya yi ƙoƙarin nuna cewa babu wata hanyar sai wannan, Euler kuma ya kammala hujjar ga duk kammalalliyar da 2 ke rabawa. Saboda haka a ranar da aka tabbatar da tamu, an sami kammalalliya ta 52 a kyauta, mai alƙaluma 82,048,640, kuma da irin lissafin wutsiyar da muka yi ɗazu za ka ga ta ƙare da 76. Ko akwai kammalalliyar da 2 ba ta rabawa? Fiye da shekara dubu biyu ana wannan tambaya. An tabbatar cewa in ma akwai, alƙalumanta sun haura 1,500, amma ba wanda ya samo ta, ba kuma wanda ya kore ta.

Na san tambayar da ke bakin mutane da yawa: mene ne amfaninta? Wasu masu son kare lissafi sukan yi saurin cewa ai da irinta ake tsare sirrin banki da saƙonnin waya. Wannan kariya ce da ba ta da ƙafa. Gaskiya ne tsarin ɓoye saƙo na RSA yana aiki da marasa rabuwa, amma masu alƙaluma ɗaruruwa, kuma sharaɗinsu shi ne su zama ɓoyayyu. Lambar da duniya duka ta sani ba ta kulle komai. Amfanin da ake iya nunawa a gefe yake fitowa. Manhajar Prime95 ta wannan shiri tana matsa wa kwamfuta lamba sosai har masu haɗa na'urori suka mai da ita ma'aunin lafiyar inji, kuma da ita aka bankaɗo wani aibi a na'urorin Skylake na Intel a farkon 2016. Ƙananan 'yan uwanta ma suna aiki: 2^19,937 − 1 ita ce ƙashin bayan wata sananniyar hanyar samar da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi da Matsumoto da Nishimura na Japan suka ƙirƙira a 1997. Ita kuwa ta Euler, 2,147,483,647, ita ce iyakar abin da tsofaffin tsare-tsaren kwamfuta masu yawa ke iya ƙirgawa, shi ya sa agogon wasunsu zai cika ya tumbatsa ranar 19 ga Janairun 2038 in ba a gyara ba.

Amma ni ban ga dalilin da za a ce sai ta yi amfani kafin a kula ta ba. Ladan da GIMPS ke bayarwa dala 3,000 ne, an kuwa ruwaito cewa Durant ya kashe kusan dala miliyan biyu daga aljihunsa. Gidauniyar EFF, mai kare 'yancin masu amfani da intanet, ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara kawo mai alƙaluma miliyan 100, shi ma ba zai mayar da kuɗin nema ba. Ba riba ake bi ba. Wanda ya ce kuɗin sun fi dacewa da wani wuri, ba zan yi masa gardama mai tsawo ba, yana da abin faɗa. Ni dai abin da na fi jin haushi shi ne yadda kuɗin da girman suka cinye labarin, aka bar hujjar a baya, alhali ita ce kaɗai ɓangaren da kowa zai iya mallaka ba tare da ya biya ko sisi ba. A 1978 ɗaliban sakandare biyu ne a Amurka, Laura Nickel da Landon Curt Noll, suka riƙe wannan kambu da 2^21,701 − 1, domin sun fahimci gwajin kuma sun sami aron kwamfutar jami'a.

Ko matsayinta na 52 ma a yi hattara da shi. Ta 52 ce a jerin waɗanda aka sani, ba lallai ta 52 a jerin girma ba, domin lokacin da aka sanar da ita ba a gama tace duk ninkin da ke ƙasa da ita ba. An taɓa ganin haka: a 2008 aka samo 2^43,112,609 − 1, sai a 2009 ga 2^42,643,801 − 1 ta ɓullo daga baya, ƙarama da aka tsallake. Babbar tambayar kuma tana nan a buɗe. Yuklid ya tabbatar marasa rabuwa ba su da iyaka, amma ba wanda ya tabbatar cewa na Mersenne ba su da iyaka. Yawancin masana suna kyautata zaton haka ne, sai dai zato sunansa zato.

Roƙona gare ka, Malam Edita, biyu ne. In labari irin wannan ya sake zuwa teburinka, a rubuta "mafi girma da aka sani," kalmomi uku na ƙarshen nan su ne gaskiyar labarin. Sannan ka bar mini ɗan wuri in ba matasan masu karatu aiki. Fermat ya lura tun 1640 cewa duk marar rabuwar da ke raba irin waɗannan lambobi, in yawan ninkin marar rabuwa ne da ya wuce 2, dole ta zama yawan ninkin sau wata lamba da 2 ke rabawa, a ƙara 1. Dubi 2,047: 23 ita ce 11 sau 2 da 1, 89 kuma 11 sau 8 da 1. To ga 2^23 − 1, wato 8,388,607, a nemo mai raba ta, wanda ya bi ƙa'idar Fermat ba zai daɗe ba. Wanda ya gama ya gwada 2^29 − 1, wato 536,870,911, ita masu raba ta uku ne. Mai ƙarfin hali kuma ya ɗauki 8,191, wato 2^13 − 1, ya bi ta da gwajin Lucas da Lehmer, maimaici goma sha ɗaya, ya aiko wa jaridar nan jerin saurar da ya samu a kowane mataki.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naka,
Wani tsohon malamin lissafi